Kututturen Maraɗi da Gawon Damagaram: Me Ke Sa Mutum Ya Ƙyale Itace?

[Kiɗan buɗe shiri]

 Manoman da suka yini suna sharar gona a wannan zafi na bazara, sannunku da rana. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da hayaƙi. Makiyaya da ke riƙe da rediyo a kafaɗa, ina gajiya.

Tambayar da za mu tauna yau guda ɗaya ce. Ga mutum, ga gatari a hannunsa, ga itace a gabansa, gidansa kuma babu makamashi. Me zai sa ya ƙyale itacen nan ya wuce? Tsoron Allah ne, ko kunyar jama'a, ko lissafin aljihu? Malamai suna da amsarsu, 'yan boko suna da tasu. Mu kuwa za mu je inda aka gwada abin a ƙasa, wato jihohin Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, mu ga abin da ya faru.

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa buƙatar a kwatanta musu yadda ƙasar ta koma. Gona fetal, tun daga bakin gari har iyakar ganinka. Manomi ya yi shuka, iska ta taso da yashi ta binne tsiron ko ta yanke shi, ya sake shuka, ta sake binnewa. Wani sai ya shuka sau uku ko huɗu kafin gero ya kama, irin da ya ɓoye ya ƙare. Mata suna yin tafiya mai nisa neman itacen girki, in ba su samu ba su dawo da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama taki a gona ya ƙare a murhu.

Hukuma ba ta zauna ba. An buɗe wuraren renon itatuwa, an kashe kuɗi masu yawa, an raba dashe a cikin leda. Tun zamanin Janar Seyni Kountché ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kan Nijar, ta zama ranar dashen itatuwa. A 1984 ma an yi babban taro na ƙasa a birnin Maraɗi kan yaƙi da hamada. Amma mafi yawan abin da aka dasa bai ga damina ta biyu ba. Gara ta ci, awaki sun ci, rana ta ƙone sauran.

Cikin masu wannan wahala akwai wani matashi ɗan ƙasar Ostireliya, masanin aikin gona, Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a 1981 yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM. Shi ma dashe yake ta yi, yana ta mutuwa. Wata rana a 1983 ya ɗauko dashe zai kai ƙauye, ya tsaya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya saba wucewa bai kula ba. Ya matsa ya duba ganyen. Ashe kututturen wani itace ne da aka sare, yana ta tofo daga ƙasa. Saiwarsa na nan da ranta, ta yi zurfi, ta san hanyar ruwa. Ya ɗaga kai ya ga irin wannan tofon ko'ina a gonaki. Kowace shekara sai manomi ya zo sassabe ya sare shi ƙasa-ƙasa, ya tara ya banka masa wuta.

Kada wani ya ɗauka Bature ne ya koya wa Bahaushe cewa kututture na tofo. Kakanninmu sun san wannan, kuma akwai ƙauyukan da suka farfaɗo da itatuwansu ba tare da sun taɓa jin sunan mutumin ba. Abin da Rinaudo ya yi shi ne ya nace. Ya bi manoma yana cewa: wannan tofon da kuke ƙonewa, ku zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ku bari, ku rage sauran, ku gani. Kaɗan ne suka yarda da farko, su ma sun sha dariya. A wancan lokaci manomin kirki shi ne mai gona tas, wanda ya bar sabara da kalgo a gonarsa kuwa rago ne. An kuma ce inuwa za ta hana gero yi, tsuntsaye za su samu wurin sauka.

Sai yunwar 1984 ta zo. A nan ne nake son ku kasa kunne da kyau, domin nan darasin yake. Aka kawo tsarin aiki don abinci a ƙauyuka wajen ɗari: duk wanda yake son hatsi, sai ya bar itatuwa a gonarsa. Mai jin yunwa ba ya gardama. Aka bar itatuwa kusan 500,000. Da yunwa ta wuce aka daina rabon hatsi, manoma suka ɗauki gatari, suka sare kusan kashi biyu cikin uku.

Kun ji. Itacen da aka bari don buhun hatsin wani, ranar da buhu ya ƙare ranar ya faɗi.

To amma kashi ɗayan da ya rage fa? Su ne suka juya labarin. Waɗanda suka haƙura suka ga gonarsu ba ta lalace ba. Iska ta rage duka, yashi ya daina binne shuka. Ganye na zuba yana ruɓewa, gara na shigar da shi ƙasa. Dabbobi na zuwa shan inuwa suna barin taki. Rassan da ake ragewa duk shekara sun zama itacen girki a ƙofar gida, sun zama dirka da azara, an kai saura kasuwa. Maƙwabci ya leƙo ta kan iyaka, gani ya kori ji. Daga nan abin ya dinga tafiya daga baki zuwa baki, a kasuwa, a wurin suna, a bakin masallaci, ba mota ba lasifika. Mutanen Maraɗi suna kiransa sassaben zamani.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

Masu sauraro, akwai wani ƙulli da sai da aka kwance shi kafin abin ya bazu, kuma ba a cika faɗinsa ba. Tun 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji da ta mai da itatuwa mallakar hukuma, bayan 'yancin kai ma aka ci gaba a kan haka. Gawon da ke tsakiyar gonarka, wadda ka gada kaka da kakanni, ba naka ba ne. Ka sare reshe ba takarda, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wani ya zo da dare ya sare, da safe kai za a tuhuma. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai manoma suka gwammace su tuge tsiro tun yana ƙarami, kowa ya huta. Doka an yi ta don kare itace, ita ce ta koma tana kashe shi.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara sassautawa. Ma'aikatan gandun daji a yankin Maraɗi suka amince manomi ya amfana da abin da ya rena. Aka yi dokar karkara a 1993, aka sabunta dokar daji a 2004, sannan a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya farfaɗo da su a gonarsa. Sa'ad da mutum ya iya nuna itace ya ce "nawa ne", sai ya zama mai gadinsa ba albashi.

Abin da ya biyo baya ya ba masana mamaki. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou sun gwama hotunan sama na 1975 da na bayan shekara ta 2000. Suka tarar ƙauyukan da mutane suka ninka sun fi yawan itatuwa a kan da. Ƙiyasinsu shi ne an farfaɗo da hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kusan tan 500,000 a shekara, wanda zai ciyar da mutum miliyan 2.5. Ƙiyasi ne, ana iya jayayya a kan adadin, amma duk wanda ya bi ta Magarya da Matamaye da Mirya ya ga dajin gawo a cikin gonaki da idonsa.

Shi gawo sai mu ɗan tsaya a kansa, don Allah Ya yi masa wata baiwa. Sauran itatuwa suna ganye da damina, shi kuwa da damina yake kaɗe nasa, ya tsaya tsirara, rana ta isa ga geron da ke gindinsa. Kaka ta yi, rani ya shigo, ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar. Ya ba da inuwa lokacin da ake nemanta, ya zubo 'ya'ya lokacin da ciyawa ta ƙare, awaki da tumaki da shanu su yi ta rububi. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye da tsada a buhun takin zamani. Je ka duba geron gindin gawo ka gwada da na fili, zangarniyar ba ɗaya ba ce. Ana ba da labarin cewa a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Sarakunan da ba su karanta kimiyyar ƙasa ba, amma sun san inda hatsin rumbu ke fitowa.

A wajen Mirya kuwa kuka ce dukiya. Mata suna tsinkar ganyenta, su shanya, su daka, su sayar. Akwai aduwa, akwai magarya, akwai kanya da ɗorawa da tsamiya. A shekarar da damina ta yi gardama, gidan da ke da itatuwa yana da abin sayarwa ya sayi tiya biyu ta gero. Gidan da ba shi da su, sai a sayar da akuya, in ta ƙare maigida ya kama hanyar ci-rani.

To ga dukkan alamu aljihu ya ci gasar ke nan. Ina addini ya shiga?

Wani zai ce bai shiga ba. Zai ce ai lokacin da ake sare itatuwan nan masallatai cike suke, almajirai na karatu, malamai na fassara Muwaɗɗa. Gaskiya ne, kuma ni ba na jin tsoron faɗin haka a rediyo. Nassosin suna nan tuntuni. A cikin Muwaɗɗar Imamu Malik, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, an kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga kwamandan rundunar da ya tura Sham, kuma cikin abubuwan da ya hana akwai sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi fa ke nan, a ƙasar abokan gaba. Suratul Baƙara ta nuna an ɗora ɗan Adam a bayan ƙasa a matsayin halifa, wato amana aka ba shi. Suratur Rum ta danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku da abin da hannayen mutane suka aikata. Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana almubazzaranci. Ga 'yan'uwanmu Kiristoci, Littafin Farawa ya nuna an sa mutum a gonar Aidan don ya nome ta ya kuma kiyaye ta, Maimaitawar Shari'a kuma ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko da an kewaye gari da yaƙi. A 2015 Fafaroma Francis ya fitar da doguwar wasiƙa a kan kula da duniya, a shekarar kuma malaman Musulunci suka taru a Istanbul suka fitar da sanarwa kan sauyin yanayi.

Duk da haka aka sare. Dalili kuwa, wa'azi ba ya tsayawa da ƙafarsa a gaban yunwa da doka mara adalci. Kuma, mu faɗi gaskiya, sau nawa kuka ji huɗubar Juma'a a kan sare itace? An bar wannan babi a cikin littafi, ana ganin aikin ma'aikatar gandun daji ne.

Amma akwai wurin da aljihu ba ya kaiwa, kuma nan ne imani ke aiki. Tofon sabara kan ba da itacen girki cikin shekara ɗaya ko biyu. Gawo kuwa sai an yi shekaru. Kuka da tsamiya, mai renonsu yana iya mutuwa bai ci moriyarsu sosai ba. Dattijo mai shekara saba'in da ke kewaye 'yar kuka da ƙaya, wace riba yake lissafi? Hadisin Anas da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. A ruwayar Jabir da ke cikin Muslim, har abin da aka sata daga itacen sadaka ne gare shi. Ku duba fa. Abubuwa uku da manomin Maraɗi ya fi kuka da su, tsuntsu da akuyar maƙwabci da ɓarawo, su ne aka ce asararsu ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ba cewa aka yi a bar ɓarawo ya yi ta sata ba. Cewa aka yi kada tsoronsa ya hana ka dasawa. Akwai kuma hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito, mai umartar wanda ke riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da Alƙiyama na shirin tsayawa, in dai zai samu iko. Wannan ya wuce duk wani lissafin kasuwa. Shi kansa Rinaudo ya sha faɗin cewa a ranar nan ta 1983 ya kai maƙura, addu'a ya yi kafin ya lura da kututturen.

[Kiɗa na ɗan lokaci]

Saura haƙƙin jama'a, kuma shi ne ya fi wuya, don itace ba ya tsira da niyyar mutum ɗaya. Ka reni gawonka shekara biyar, wani ya zo da dare ya sare, ko makiyayi ya hau ya sassare rassan duka ya zubo wa dabbobinsa. In haka ta faru sau biyu, ka daina. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutane suka zauna suka kafa kwamitocin sa ido. Abin burgewa shi ne waɗanda aka sa a ciki: manoma, da mata, da Fulani makiyaya. Aka yi ƙa'ida kan yadda za a rage reshe da wanda ba za a taɓa ba, aka sa tara, kuma ana sanar da baƙin makiyaya idan sun sauka. Da an ware makiyayi, da ya ga itacen a matsayin katangar da aka gina don a hana shi kiwo. Da aka sa shi ciki, ya ga 'ya'yan gawon nan dabbobinsa ne za su ci da rani.

Mata kuwa su ne suka fi kowa sanin farashin gona fetal, don a wuyansu da ƙafafunsu ake biyansa. Maigida da ke sare komai a gonarsa ya sayar, sannan ya bar matarsa da 'yarsa su yi tafiyar rabin yini neman ƙirare, ya sani akwai haƙƙi a kansa. Ga kuma matsalar mai gonar aro ko ta jingina: a wurare da yawa ba a yarda ya dasa itace ba, don ana ganin dasa itace kamar kafa hujjar mallaka ne. Masu gonaki da masu unguwanni, wannan magana taku ce. A yi yarjejeniya a gaban shaidu, gona ta mai ita ce, mai aro ya amfana da rassa da 'ya'ya muddin yana nomawa.

Mu mutanen birni kada mu ji kamar wa'azin na ƙauye ne. Buhunan gawayin da ake jibgewa a bakin titi a Kano da Kaduna da Katsina, kirya ce da marke da ɗorawa aka ƙone. Mai sarewa talaka ne, mai saye ma sau da yawa tsadar gas ce ta kora shi. Ba zan zauna a nan in ce wa uwar 'ya'ya shida ta daina girki ba. Amma murhun da ke tattalin itace yana nan, ana gina shi da laka, tukunya ta zauna daram wuta ba ta fita gefe. Rufe tukunya da jiƙa wake kafin a ɗora ba sa cin ko sisi. Wanda Allah Ya hore wa kuɗin gas kuma ya ci gaba da sayen gawayi buhu-buhu don ya fi arha, shi ne ya kamata ya binciki kansa.

Masu binciken da muka ambata sun lura cewa a wasu wurare hoton sama yana nuna iyakar Nijar da Najeriya ƙarara, ɓangaren arewa, wato Nijar, ya fi itatuwa, alhali can ruwan sama ya fi ƙaranci. Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, dangi ɗaya. Najeriya na cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, jihohi 11 na arewa suna ciki. Dashe yana da amfaninsa, musamman inda saiwa ta riga ta mutu. Amma manomin Daura ko Maigatari ko Illela ba sai ya jira motar dashe ba.

Ga yadda ake yi, tunda lokacin sharar gona ne. Kafin ka sa wuta, zaga gonarka ka ga abin da ke tofowa: sabara, kalgo, gawo, taramniya, aduwa, magarya. Zaɓi waɗanda kake so, da tazara yadda garma za ta wuce. A kowane kututture ka bar rassa uku zuwa biyar, waɗanda suka fi tsayi da miƙewa, ka cire sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayinsu, kada ka aske su har sama, iska za ta karya su ko akuya ta lanƙwaso. Adda ko lauje ya zama mai kaifi, kuma ka yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ɗaura tsumma mai launi a jiki, alamar da mai shi. Bayan wata biyu zuwa shida ka dawo ka sake ragewa. In shekara ta zagayo kana iya yanke reshe ɗaya ka yi amfani da shi, ka bar wani sabon tofo ya maye gurbinsa. In kana shakka, gwada a kusurwa ɗaya ta gonar, ranar girbi ka auna damman nan da na sauran wurin.

Kuma kafin ka fara, ka yi magana da maƙwabtan gonarka da mai gari da arɗon Fulanin da ke kusa, domin su san tsumman nan da za su gani ba ado ba ne.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka. 

[Kiɗan rufe shiri]